Fitila kore amma amsa ba ta tafiya: nazarin matsalar wani zauren jarrabawa a Kano

Cibiyar koyon kwamfuta ce a cikin birnin Kano, irin waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Ba a nan ake rubuta ainihin jarrabawar ba. Atisaye ake yi wa ɗalibai, su saba da linzami da agogon da ke ƙirga lokaci a saman allo kafin ranar ta zo. Tambayoyin suna kan wata saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke karɓar bayanai daga gare ta, a ofishin cibiyar, babu ruwansu da intanet.

Zaure biyu ne. Tsohon yana da kwamfuta 20, duk a jone da suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci da waya, ƙirar Cisco Catalyst 2960 na hannu, mai ramuka 24 masu gudun megabit 10 ko 100, da wasu ramuka biyu a gefe masu kai wa gigabit. Sabar tana ɗaya daga cikin biyun nan. Da ɗalibai suka ƙaru, mai wurin ya buɗe zaure na biyu da kwamfuta 22, ya sayo sabon suwic na gigabit, irin wanda ba a shiga cikinsa a yi masa saiti: a ba shi wuta, a jona waya, shi ke nan. Aka ja waya guda daga sabon suwic zuwa rami na 24 na tsohon.

Kukan da ake yi ɗaya ne. Idan mutum ɗaya ya zauna a sabon zaure ya gwada, shafi na buɗewa. Da zarar an cika kujeru an ce a fara, sai tambayoyi masu hoto su riƙa saukowa rabi-rabi, wanda kuma ya danna tura amsa ya zauna yana kallon da'ira tana juyawa. A tsohon zaure, a daidai wannan lokaci, a kan wannan sabar, babu mai ƙorafi.

Kafin a kira ni an riga an kashe kuɗi. An ƙara wa sabar ƙwaƙwalwa, an sake loda Windows a kwamfutocin sabon zaure da zargin bairos, an ma canza wayar da ta haɗa zaurukan biyu. Mai wurin ya kai ni gaban akwatin suwic, ya nuna da yatsa.

"Injiniya, ka gani da idonka, duk fitilun kore ne. Yaron nan mai kula da kwamfutocin kuma ya yi abin nan na ping a gabana, na gwada ko saƙo na isa, ko ɗaya bai faɗi ba."

"Haka ne, Alhaji. Amma a ba ni babban fayil guda in kwafa tukuna."

Gwajin bai wuce wannan ba. Daga tsohon zaure fayil ɗin yana saukowa da kusan megabayit 11 a sakan, wato iyakar abin da layin megabit 100 ke iya ɗauka idan aka cire kayan da ke naɗe da bayanan, tunda bayit ɗaya bit takwas ne. Daga sabon zaure sai ya fizga, ya tsaya cak, ya sake motsawa kaɗan, ya sake tsayawa. Da na juya na tura fayil ɗin daga zauren zuwa sabar, alhali wata kwamfutar tana saukar da wani, abin ya fi muni. Saba ɗaya, manhaja ɗaya, bambancin kawai wayar nan da ramukan da ke bakinta biyu.

Na jona shuɗiyar wayar saiti a Cisco na buga show interfaces status. Duk ramukan kwamfutocin tsohon zaure suna nuna a-full da a-100. Rami na 24 kuwa yana nuna full da 100, babu harafin a a gabansu. Wannan ɗan harafin shi ne shaidar cewa ɓangarorin biyu sun sasanta da kansu. Rashinsa na nufin wani ya taɓa zama ya rubuta wa ramin gudu da salo da hannu. Saitin ramin ya tabbatar: speed 100, duplex full, da wani tsohon bayani da ke cewa nan ne layin kamfanin intanet ke shigowa. Ƙididdigar ramin kuma tana ɗauke da dubban kurakuran CRC, wato ƙunshin bayanai da suka iso a lalace, da guntattakin ƙunshi waɗanda ba su kai tsawon da doka ta yanke ba. Na share ƙididdigar, muka sake kwafar fayil, lambobin suka sake hawa a gaban idonmu.

Abin da na'urori biyu ke faɗa wa juna kafin fitila ta kama

Idan aka cusa waya a rami, kafin a tura ko harafi ɗaya na bayani, sai ɓangarorin biyu sun daidaita kan abu biyu. Na farko gudu: megabit 10, ko 100, ko 1000. Na biyu salon magana: ko dai bi-da-bi, wanda allo ke rubuta wa half, ko kuma kowa ya aika ya karɓa a lokaci guda, wato full.

Salon bi-da-bi gado ne. Ethernet ta faro a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka a 1973, a kan waya ɗaya tilo da kwamfutoci da yawa ke rabawa. A irin wannan layi dole mai son aikawa ya saurara tukuna, in ya ji shiru ya fara, in kuma yana cikin aikawa ya ji wani ya shigo, to an yi karo: ya katse, ya jira wani ɗan lokaci na kacici-kacici, ya sake gwadawa, har sau 16 kafin ya haƙura. Ko da aka koma murɗaɗɗiyar waya a 1990, inda aikawa ke da nata zare biyu karɓa ke da nata, dokar ta zauna, domin akwatin da ke tsakiya a wancan zamani maimaita duk abin da ya ji yake yi ga kowa. Sai da suwic ya zo, kowane rami ya zama layi mai zaman kansa, sannan aka iya ajiye dokar sauraro. IEEE, ƙungiyar injiniyoyin da ke rubuta ƙa'idojin Ethernet, ta tabbatar da hakan a ƙa'idar 802.3x ta 1997.

Ita kuwa sasantawar ta shigo ne da ƙa'idar 802.3u ta 1995, wadda ta kawo gudun megabit 100, an kuma gina ta ne a kan wata dabara ta kamfanin National Semiconductor mai suna NWay. Wayon da ke cikinta yana burge ni har yau. Tsohuwar na'ura mai megabit 10, idan ba ta da abin aikawa, takan jefa ɗan bugun lantarki guda a kan waya kusan kowane milisakan 16, don na can ƙarshen ya san tana raye. Masu sabuwar ƙa'ida ba su taɓa wannan agogo ba. Sai dai a maimakon bugu ɗaya, suka sa a jefa jeri. Jerin yana da gurabe 33: guda 17 na riƙe lokaci ne, kullum suna nan, 16 da ke tsakaninsu kuma su ne saƙon. Gurbin da aka buga 1 ne, wanda aka bari fayau 0 ne. Duk jerin bai wuce milisakan 2 ba.

A cikin bit 16 ɗin nan, biyar na farko suna faɗin irin ƙa'idar da ake magana a kanta. Na gaba su ne jerin iyawa: ina iya 10 bi-da-bi, ina iya 10 lokaci guda, ina iya 100 bi-da-bi, ina iya 100 lokaci guda, da kuma ko na san saƙon "dakata kaɗan" da ake tura wa mai aikawa idan ma'aji ya cika. Akwai bit ɗaya na kai rahoton matsala, ɗaya na cewa akwai ƙarin shafi a gaba, ɗaya kuma na amsawa. Idan na'ura ta ji saƙo iri ɗaya sau uku a jere daga ɗaya ɓangaren, sai ta ɗaga bit ɗin amsawa, ta maimaita nata wasu 'yan lokuta don a tabbatar an ji. Daga nan babu jayayya, domin babu wanda ke zaɓa wa wani. Kowa ya duba jerin biyu, ya ɗauki mafi girman abin da ke cikin duka biyun bisa tsarin fifiko ɗaya da ƙa'ida ta rubuta: gigabit sama da 100, 100 sama da 10, a kowane gudu kuma lokaci guda sama da bi-da-bi. Tunda lissafi ɗaya suke yi da bayani ɗaya, amsa ɗaya suke samu.

A nan ne wanda ya rubuta speed 100 da duplex full ya yi ɓarnar da bai sani ba. A tunanin mutane da yawa, wannan umarni ne da ramin zai isar wa duk abin da aka jona masa. Ba haka ba ne. Ramin da aka ɗaure gudunsa da salonsa da hannu yakan daina tura jerin nan gaba ɗaya. Ba ya cewa "ni 100 nake, lokaci guda". Ba ya cewa komai, sai dai ya fara zuba siginar megabit 100 a kan waya.

Ƙa'idar ta tanadi abin da za a yi da irin wannan maƙwabci, saboda a 1995 duniya cike take da na'urorin da ba su san sasantawa ba. Mai sauraro zai duba kamannin siginar da ke shigowa. Bugu ɗaya-ɗaya na nufin megabit 10, siginar da ba ta yankewa irin ta 100 na nufin 100. Gudu ke nan an gano shi, kuma daidai. Amma salo ba ya bayyana a sigina. Sai ƙa'idar ta ce a ɗauka bi-da-bi ne, domin na'urar da ba ta sasantawa a wancan zamani mafi yawanci akwatin layin haɗaka ce, wanda yi masa magana ba tare da sauraro ba zai hargitsa kowa. Hukunci ne mai hankali a zamaninsa, shi ne kuma ya kama sabon suwic ɗin Alhaji. Ya ji shiru, ya gane 100, ya koma bi-da-bi. Cisco yana kan lokaci guda. Gudu ya zo ɗaya, saboda haka fitila ta kama kore a duka ɓangarorin.

Sabon suwic ba shi da allon da zai faɗi halin da yake ciki, don haka na zare wayarsa daga rami na 24 na cusa ta kwamfutata mai Linux. Manhajar ethtool ta nuna 100Mb/s, ta nuna Half. Duk wata na'ura mai sasantawa da za a jona a wannan rami, nan za ta faɗa. Da a ce Cisco ne a can ƙarshen, da tuni suwic ɗin ya riƙa rubuta gargaɗin DUPLEX_MISMATCH da kansa, domin na'urorin kamfanin suna gaya wa juna salonsu ta wata hanya ta daban. Da suwic marar saiti babu mai tona asiri.

Me ya sa sai an cika zaure

A ɗauka mutum biyu suna magana, ɗaya da wayar salula a kunne, ɗaya da oba-oba. Mai salula yana magana duk lokacin da ya ga dama, don a wurinsa layi na ɗaukar murya biyu. Mai oba-oba kuwa jira yake a yi shiru, in kuma ya fara ya ji muryar wancan, sai ya saki maɓalli a tsakiyar jimla.

Haka wayar nan take. Duk lokacin da Cisco ke turo hoton tambaya, sabon suwic yana riƙe da nasa ƙunshin yana jira. Ya samu sarari ya fara turawa, Cisco da bai san da wata dokar jira ba ya sake farawa, sabon suwic ya ce an yi karo, ya datse ƙunshinsa. Abin da ya isa Cisco guntu ne, lissafin tantancewar da ke wutsiyarsa bai yi daidai ba, sai ya zubar ya rubuta CRC. Dubban kurakuran da na gani ke nan. Shi Cisco ba zai taɓa ƙirga karo ko ɗaya ba, tunda a salonsa babu wani abu mai wannan suna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. An tsara Ethernet ta yadda karo na halal zai faru ne a cikin bayit 64 na farkon ƙunshi. In ya faru a nan, na'urar da kanta take sake turawa, babu wanda zai sani. In ya faru bayan nan, karo ne a makare, kuma na'ura ba ta sake tura irinsa, ƙunshin ya tafi ke nan. A lafiyayyen layin bi-da-bi karo a makare baƙon abu ne. A nan kuwa, tunda Cisco na iya farawa a kowane lokaci, ƙunshi mai bayit 1500 yana da doguwar tafiya a fili bayan 64 ɗin farko. Girman ƙunshi, girman hatsarinsa.

Sauran aikin TCP ce ke ƙarasa shi, wato ƙa'idar da ke tabbatar da cewa bayanai sun isa cikakke tsakanin kwamfutoci biyu. Ita ba ta san waya ba, abin da ta sani shi ne ƙunshi ya ɓata, a fahimtarta kuma ɓata alamar cunkoso ce. Sai ta rage gudu, ta jira, ta sake turawa, in an sake ɓata ta ninka jiran. Ko saukarwa zalla ake yi, dole kwamfutar ɗalibi ta riƙa mayar da ƙananan saƙonnin "na karɓa", su kuma ta ɓangaren da ake datsewa suke bi. Fizga da tsayawar da muka gani a kwafar fayil daga nan take. Amsoshin ɗalibai ma ta nan suke bi, shi ya sa tura amsa ya fi saukar da tambaya wahala.

Shi kuwa ping ɗan ƙaramin ƙunshi yake jefawa sau ɗaya a sakan, amsa kuma ba ta tasowa sai tambaya ta gama isa. Ba a taɓa haɗuwa a hanya. Yaron bai yi ƙarya ba, gwajin ne ba ya iya ganin wannan ciwo.

Gyara, da abin da ya biyo baya

Umarni biyu ne: speed auto da duplex auto a rami na 24. Layin ya faɗi ya tashi, allo ya nuna a-full da a-100. Fitilar ta yi kusan sakan 30 tana ruwan lemo kafin ta koma kore, Alhaji har ya fara gyara tsayuwa. Wannan jinkiri ba na sasantawa ba ne, ita an gama ta tun farko. Cisco ne ke sauraron layin don tabbatar da cewa ba a ƙulla masa zobe da wani suwic ba, sakan 15 sau biyu. Fayil ya sauka a sabon zaure da gudun tsohon zaure, ƙididdigar CRC ta tsaya a sifili. Na adana saitin nan take, don a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, saitin da ba a adana ba zai koma gidan jiya kafin la'asar.

Da na tambayi yaron me ya sa ya zaɓi rami na 24 alhali ga ramin gigabit a gefe babu kowa, ya ce, "Oga, ai tun da na zo nan wurin, wayar waje a nan take shiga." Gaskiyarsa. Tsohon kamfanin intanet ɗin cibiyar ya ba su layi ta wata na'ura da aka ɗaure a 100 lokaci guda, wanda ya haɗa a lokacin kuma ya ɗaure ramin Cisco don su zo ɗaya. Aikinsa daidai ne a ranar. Kamfani ya tafi da na'urarsa, saiti ya zauna yana jiran wanda zai faɗa.

Ba na ganin laifin tsofaffin ma'aikata da suka saba ɗaure ramuka. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni ba su fassara ƙa'idar iri ɗaya ba, katin wannan da suwic ɗin wancan sukan sasanta su tashi da amsa biyu, ɗaurewa da hannu kuma ita ce maganin da ya yi aiki. Abin da nake ƙi shi ne yadda maganin ya zama al'ada ana koya wa yara a ajin sadarwa kamar farilla, shekaru bayan cutar ta wuce. Yau ɗaure rami ɗaya ya fi haifar da matsalar da ake gudu. In ma akwai dalilin hana layi wuce 100, akwai hanyar da ba ta kashe magana: a bar sasantawa a kunne, a rage abin da ramin ke tallatawa. A Cisco speed auto 100 na yin haka, a Linux ma ethtool na da zaɓin advertise. Ramin zai ci gaba da faɗin abin da yake iyawa, na can ƙarshen kuma ba zai yi hasashe ba.

Muka mayar da wayar ramin gigabit, tunda kwamfuta 22 a kan megabit 100 ƙunci ne ba dole. Nan wata ta fito. Layin ya yi ta kamawa yana saki, can ya zauna a a-100.

Gigabit a kan waya, ƙa'idar 802.3ab ta 1999, tana da sharuɗɗa biyu da 100 ba ta da su. Ɗaya, sasantawa wajibi ce, domin ta cikin ƙarin shafukan nan ne ake yanke wanda agogonsa zai ja layin da wanda zai bi. Biyu, tana aiki da duka zare takwas na cikin waya, alhali 10 da 100 huɗu kawai suke taɓawa, na gurbi 1 da 2 da 3 da 6, wato masu ruwan lemo da kore. Ita kanta sasantawar a kan waɗannan huɗun take gudana. Saboda haka na'urori biyu za su iya yarda da gigabit da zuciya ɗaya a kan wayar da ba za ta iya ɗauka ba, su gwada, su kasa, su sake. Na'urorin yanzu da yawa, bayan 'yan gwaje-gwaje, sukan cire gigabit daga tallarsu su sauko 100. Kamawa da sakin da muka gani ke nan.

Na'urar gwajin waya ta nuna fitila ta 7 ba ta kamawa. A ƙarshen da ke sabon zaure, zaren fari mai ratsin ruwan ƙasa bai kai ƙarshen kan roba ba, haƙorin ƙarfen ya dira a kan iska. Wayar da aka canza ce don neman maganin matsalar farko, kuma a gudun 100 da za ta yi shekaru babu wanda ya san da wannan. Yaron ya yanke kan, ya jera zaren daidai, ya matse sabo. Layin ya tashi a a-full da a-1000.

Kafin in tafi na bi saitin sauran ramukan ɗaya bayan ɗaya. Na sami wasu biyu a ɗaure, babu komai a jone da su, na sake su. Na uku na tsohuwar firintar ofis ne, an ɗaure shi a 10 bi-da-bi, menu ɗin firintar ma haka yake nunawa, kuma babu kuskure ko ɗaya a ƙididdigarsa. Shi na bar shi yadda yake, na dai rubuta a bayanin ramin da kuma a jikin akwatin cewa a ɗaure yake saboda firinta, kada a jona wani abu a nan sai an sake shi.